Sawun Baƙo a Cibiyar Malam Armaya'u

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce. Karatu kawai na iya, shi ma a lungu, inda ba mai ganina. Wannan ne karo na farko da na zauna don in ba da labari. In kun ga na yi tuntuɓe ku tsallake ku wuce. Na jira ko wani wanda ya fi ni zai rubuta abin da aka yi wa yayata, ba wanda ya rubuta.

Sunana Hamdiya. Yayata ita ce Ruwaida.

Ranar Litinin aka gano satar. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɗauki ko cazar waya ba.

A bayan tashar motar Tambuwal akwai cibiyar koyon kwamfuta ta Malam Armaya'u, tsohon malamin lissafi wanda ya buɗe ta bayan ya bar aikin gwamnati. A nan Ruwaida take koya wa 'yan mata bugun rubutu da safe. A nan kuma aka shafe shekara uku ana gina wata manhaja mai suna Damina, wadda ke aika wa manoma labarin ruwan sama da farashin hatsi ta waya. Abin da ya sa ta yi suna shi ne, ko babu sabis ba ta zubar da saƙo. Sai ta riƙe shi ta jira, da zarar manomi ya hau tudu ya sami layi ɗaya, ta sauke masa komai. Wannan sashen Ruwaida ce ta rubuta shi. Na sani, domin ina zaune a gefenta tana yi.

Wani kamfani a Abuja ya ji labarin Damina. Suka ce suna son wanda ya rubuta sashen nan, za su ba shi horo na shekara guda da aiki a bayansa. Sharaɗinsu ɗaya ne: a kwashe aikin daga tsohon rumbun ajiya mai suna SVN, wanda ke cikin wata tsohuwar kwamfuta a kusurwar cibiyar, a mai da shi sabon rumbu na Git a intanet, inda za su duba da idonsu. Irin wannan rumbu ba aikin kaɗai yake ajiyewa ba. Yana riƙe da tarihin kowane gyara, wa ya yi shi, kuma yaushe. Safiyar Asabar ɗin da ke gaban Litinin ɗin nan za su duba su zaɓa.

Siddiƙ, ɗaya daga samarin cibiyar, shi ya yi ƙaurar ranar Asabar ɗin da ta gabaci Litinin ɗin. Da Ruwaida ta buɗe sabon rumbun a wayarta, sai ta ga aikinta duka yana nan, ba abin da ya ɓace. Amma a kan kowane gyara sunan Shafi'u ne, ɗan farin Malam Armaya'u.

Ta ruga kusurwa ta kunna tsohuwar kwamfutar. An wanke ta tas.

A nan sai in faɗi abin da ya ɗaure mu. Ruwaida ba ta taɓa samun suna a tsohon rumbun ba. Samarin kowa da laƙabinsa na shiga. Ita kuwa da wanda aka tanada don masu wucewa take shiga, mai suna baƙo. Shekara uku tana cewa gobe za ta roƙi Malam ya buɗe mata nata, kunya tana hana ta.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Matan da ke zuwa ɗibar ruwa gidanmu suka rabu biyu. Wasu na cewa ɗan Malam ɓarawon zaune ne. Wasu na cewa, cikin murya ƙasa-ƙasa, yarinyar da ke koyar da bugun rubutu ina ta ga gina manhaja, ko dai Abujar ce ta shiga idonta. Masu shayin tasha kuwa Lauwali mai gyara suka kama, tunda shi aka gani ranar Lahadi ya kwance cikin kwamfutar.

Inna ta saurari kowa. Da aka watse ta ce, "Gobe ku tafi Kebbe ku kira min ƙanena."

*

Kawu Dogo malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Kebbe, inda kwamfutocin ke lulluɓe da zani saboda rashin wuta, shi kuma yana zana madannai a allo yana koyarwa. Amma ba don wannan aka san shi ba. Kakanmu mai bin sawu ne, kuma Kawu ya gada. In an kore wa mutum dabba, shi ake nema kafin a nemi hukuma.

Muka hau kabu-kabu, hanya ta girgiza mu har haƙorana suka yi tsami. Muka same shi bayan kasuwa a tsugune, yana kallon ƙasa, wani dattijo tsaye a kansa. Kawu ya miƙe, ya taka ƙafarsa kusa da wani sawun kofato, ya ɗaga, ya sake tsugunawa yana kallon biyun.

"Mi kaka yi, Kawu?" in ji Ruwaida.

"Nika gwada shekarun sawu. Sai ka taka naka kusa da shi, wanda ka san lokacinai, sannan ka san ko wancan na jiya na ko na ɗazu." Ya juya ga dattijon. "Baba, ragonka da asuba ya wuce nan, ya kai bakin titi, ya hau mota. Ni kuwa ban bin taya."

Dattijon ya tafi yana salati. Kawu ya kakkaɓe hannu ya dube mu.

"Ɗiyan 'yar'uwata, lafiya da ranar ga?"

"Kawu, an sace min aiki."

"Ƙafa nawa gare shi?"

"Ba shi da ƙafa."

Ta ba shi labari. Bai katse ta ba. Da ta gama ya daɗe yana sosa gemu.

"Ban yi miki alkawari ba," ya ce. "Abin ga a littafi na san shi, hannuna bai taɓa shi ba. Amma mu je mu gani ko ya bar sawu."

*

Da Siddiƙ ya fara. Muka same shi a cibiyar shi kaɗai, idonsa ja.

"Yaro, gaya min yadda anka yi ƙaurar."

"Da kwantena na yi ta, Kawu. Docker. Kamar kwantenar 'yan kasuwa ta, amma cikin kwamfuta. Duk kayan aikin na ciki, a shirye kake ɗauko ta. Ka nuna mata tsohon rumbu, ka nuna mata sabo, ta kwashe."

"Ina take yanzu?"

"In ta gama sai ta share kanta. Haka na umurce ta, don kada ta cika wuri."

"Ta share kanta." Kawu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ɓarayin Kebbe su ji wannan, na bar aiki. To sunaye fa?"

"Sai an ba ta. Kowane laƙabi na tsohon rumbu dole a gaya mata cikakken sunan mai shi. In ta ci karo da wanda ba ta sani ba sai ta tsaya cak."

"Ta tsaya?"

"Ta tsaya kan baƙo."

"Sai ka ba ta suna."

"A'a wallahi. An kira la'asar, na bar ta tsaye na tafi masallaci. Na dawo na iske tana tafiya."

"Ka duba sunan da anka ba ta?"

Siddiƙ ya dubi ƙasa.

"Ba ka duba ba, ko ba ka so ka gani ba?"

"Kawu, Malam ya ɗauki nauyin karatuna tun ina aji fuɗu a firamare. Ubana bai san inda nika kwana ba, shi ya sani."

"Kai ka san wa at baƙo?"

Ya ɗago ya dubi Ruwaida, ya kau da kai. "Kowa ya sani," ya ce. "Amma ba ni za a tambaya ba."

*

Lauwali mai gyara yana rumfarsa a tasha, kewaye da gawarwakin wayoyi. Tun daga nesa ya fara rantsuwa.

"Ni anka ga dama! Mutanen Kebbe, har da kai? Ka bar awakinku ka zo bin talaka?"

"Awakinmu sun fi mutanen Tambuwal riƙon amana," in ji Kawu, ya ja benci ya zauna. "Wa as sa ka wanke kwamfutar?"

"Malam. Tun watan jiya yac ce in an gama kwashewa in wanke ta a zuba wa yara tambayoyin jarabawar shiga jami'a. Na tambayi Siddiƙ, an gama? Yac ce an gama. Mi al laifina?"

"An ce kun taɓa samun saɓani da ɗiyata."

"Awo, ta ce na musanya mata batir. Na musanya, na kuma maida. A kan batir zan sace mata Abuja? Dogo, ni sukurudireba na sani. Ka ba ni abin nan da suka kira kwantena, sai in nemi inda aka kwance ta."

Kawu ya sa aka buɗe tsohuwar kwamfutar, ya yi yini yana tono. An zuba sabon abu a kan tsohon, ba abin da ya saura. Ya fito yana murza ido.

"Nan an yi ruwa bisa sawu," ya ce.

*

Shafi'u ya wahalar da mu kafin mu gan shi. Sai ranar Laraba muka tare shi yana fitowa daga gida. Ya rame cikin kwana biyu.

"Kai ka rubuta sashen da ke riƙe saƙo?"

"Na yi aiki cikin Damina, Kawu. Fuskar manhajar duk ni na tsara, kalolin, maɓallan."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Sunana na gani kamar yadda kowa ya gani."

"La'asar ɗin Asabar kana ina?"

"Dogon Daji, wurin ɗaurin auren abokina. Sai bayan isha'i munka dawo. Ga hotuna."

Hotunan gaskiya ne. Ga shi nan cikin shadda, yana dariya a bayan ango. Ni da na riga na yanke masa hukunci a zuciyata, sai na ga na yi kuskure. Ba Lauwali ba, ba Shafi'u ba. Mutum ɗaya ya rage mai riƙe da makullin cibiyar, kuma ba wanda yake son ya furta.

Malam Armaya'u ya karɓe mu a zaurensa da fara'a. Ya sa aka kawo ruwa. Shi ya koya wa Kawu lissafi a aji uku, don haka Kawu a ƙasa ya zauna.

"Malam, kan maganar baƙo na zo."

"Baƙo ai na kowa na, Dogo. Ɗalibai na shiga da shi. Yaron ga ma," bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, "shina shiga da shi in ya mance mabuɗinai na shiga. Yarinyar tana da ƙoƙari, ban hana ta ba. Wajen bugun rubutu ba ta da na biyu."

"Akwai wadda ta gan ta tana rubutawa."

Malam ya dube ni ta saman tabarau. Na ji kamar in shige cikin tabarma.

"Ƙanwarta," ya ce a hankali. "In kai ne mutanen Abuja, ka karɓa? Na koya maka, Dogo. Amsa ba ta wadatarwa, sai ka nuna aiki."

Muka fito ba mu da komai.

*

Da yamma Ruwaida ta ce a bar maganar. Tana tankaɗen gari tana faɗa, ba ta kallon kowa.

"Ni na jawo. Da na buɗe baki na roƙi suna, da ba a kai nan ba. Kawu, ka koma wurin ɗalibanka."

Kawu yana zaune bakin rijiya da waya a hannu, yana ta jan tarihin sabon rumbun sama da ƙasa. Kowa na iya dubawa, amma gyara sai mai mabuɗi, wato kalmar sirrin shiga, mabuɗin kuwa yana hannun Malam. Inna tana tsintar shinkafa, ta tsinci wadda ta riga ta tsinta.

Ni ban iya lallashi ba. Abin da ya zo bakina kawai na faɗa.

"Yanzu ke nan mun daina zuwa ranar Juma'a? Ban gama littafin da ke cikin durowar Malam ba."

Kawu bai ɗago ba. "Mi al na Juma'a?"

"Ai ranar take samun kwamfutar."

Sai ya ɗago.

Ruwaida ta yi bayani kamar mai ba da haƙuri. Kwamfuta ɗaya ce mai kyau a cibiyar, ita ce ke haɗe da rumbun, kuma duk mako samarin na kanta. Ba ta iya cewa namiji ya tashi ya ba ta. Sai ta riƙa tsara abin a kanta, tana wanke-wanke tana tsarawa, tana koyar da yara tana tsarawa. Ranar Juma'a in maza sun tafi masallaci sai a bar ta tsaron cibiya, ni ina taya ta zama. Daga fitarsu zuwa dawowarsu, da gaishe-gaishe da cin abinci, nan take zubar da duk abin da ta tara.

Kawu ya koma kan wayar. Juma'a. Juma'a. Juma'a. Duk gyaran da ya shafi riƙe saƙo, ranar Juma'a aka yi shi. Inna ta ajiye faranti.

Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Yaushe suka fita?"

"In an kusa huɗuba. Wajen ɗaya da rabi."

Ya juyo mana da wayar. Lokutan da ke jikin gyare-gyaren tun sha biyu da rabi suke farawa, sa'ad da cibiyar ke cike da maza, kowa na jiran lokacin alwala. Malam zai ce yaron ya yi aikinsa kafin ya tafi masallaci, kuma ba mai iya ƙaryata shi.

"Wallahi ban taɓa zama kanta suna nan ba," in ji Ruwaida. Muryarta ta karye. Shi ne karo na farko da ta yi kuka tun Litinin.

Ba wanda ya ci tuwon kirki a gidanmu ranar.

*

Da safe Kawu ya ce in rako shi wurin Siddiƙ. Da muka kai tasha sai ya dube ni.

"Na yi wauta jiya. Na ga sawu na yarda da shekarunai, ban taka nawa kusa ba."

Ya ajiye wayar gaban Siddiƙ. "Nemo min gyara ɗaya naka wanda ka tuna sa'ar da ka yi shi. Ba ranar ba, sa'ar."

Siddiƙ ya yi ta ja. Can ya tsaya. Kowane gyara akan bar ɗan bayani a jikinsa, shi kuwa Siddiƙ da surutu yake cika nasa. Wannan na watan azumin bara ne. Ya rubuta cewa ya gyara, saura a gwada, an kira magariba zai je ya sha ruwa.

"Karanta lokacin," in ji Kawu.

Siddiƙ ya karanta. Shida saura.

"Shida saura a Tambuwal, rana na bisa rumfunan tasha. Ashe kai da rana kaka shan ruwa, Siddiƙ? Mu muna ta wahala?"

"Subhanallahi! Kawu, wallahi sai da anka kira..." Ya tsaya. Ya dafe kai da hannu biyu. "Kwantenar. Agogonta daban. Ba ta san tana Tambuwal ba, da agogon duniya taka aiki, shi kuwa awa ɗaya shika bayan namu. Akwai abin da aka ƙara mata don ta bi na gida. Ban ƙara ba. Na mance."

"Ke nan kowane lokaci da ke cikin rumbun ga?"

"A ƙara mai awa ɗaya."

Kawu ya lumshe ido. Ni kuwa na ƙirga a zuciyata, na ga sha biyu da rabi ta koma ɗaya da rabi.

*

Ranar Juma'a, gab da lokacin tafiya masallaci, aka taru a cibiyar. Malam Armaya'u a kujerarsa, Shafi'u tsaye a bayansa. Siddiƙ da Lauwali a benci. Kawu ya gayyato Alhaji Tambaya, shugaban ƙungiyar manoman da ke amfani da Damina, dattijon da ba a musa masa. Ni da Ruwaida muna bakin ƙofa.

Kawu bai fara da kwamfuta ba.

"Alhaji, don Allah ina da tambaya. Ɗan Malam, ina shika sallar Juma'a?"

Alhaji Tambaya ya yi mamaki. "Kusa da ni mana. Sahun gaba. Bayan babur ɗin ubanai shika zuwa tun shina ƙarami. Ni nika ba su wuri."

"Ya taɓa fashi?"

"In ya yi, ban gani ba. Malam, ko ya taɓa?"

"Bai taɓa ba," in ji Malam. Har ya ɗan gyara zama, don abin alfaharinsa ne.

Sai Kawu ya sa Siddiƙ ya faɗi maganar agogo, da bakinsa, har da labarin shan ruwan. Lauwali ya tuntsire da dariya, ya ga ba mai taya shi, ya yi shiru. Kawu ya miƙa wa Alhaji wayar.

"Duk aikin da mutanen Abuja ka so, ga lokacin da anka yi shi. Daga hawan liman mumbari zuwa watsewar mutane. Juma'a bayan Juma'a, shekara ukku. To Malam, ɗaya cikin biyu. Ko yaron na sahun gaba kusa da Alhaji, ko shina nan bisa kujerar ga. Wanne za mu gaya wa mutane?"

Ana jin masu lodin Sakkwato suna kira a tasha.

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Na ga dattijon da ya koyar da rabin garin nan yana neman amsa, kuma kowace ya ɗauko sai ta ƙone shi.

"Baba," in ji Shafi'u daga bayansa. "Ya isa hakanan."

Malam bai juya ba. Sai ya kalli Alhaji ya ce:

"Wa zai bar ɗiya mace ta tafi Abuja ita kaɗai? Su zaɓe ta, a hana ta, gurbin ya faɗi, cibiyar ta tashi ba komi. Na ga abin ya tsaya shina neman suna. Na ba shi sunan wanda zai iya tafiya."

"Ba a tambaye ni ba, Malam," in ji Ruwaida. Da ƙyar aka ji ta. "Ba a tambayi Inna ba. Tun ranar da anka yi maganar ta ce in tafi."

Na ɗauka a nan za a ce a gyara. A littattafan da na karanta, in gaskiya ta fito sai komai ya koma wurinsa.

Alhaji Tambaya ya yi gyaran murya. Ya ce an ji, kuma abin bai yi daɗi ba. Ya ce amma Malam uba ne ga kowa a nan, bai kamata maganar ta fita ɗakin ba. A yi haƙuri, a rufa wa juna asiri, mako mai zuwa a zauna a tsanake a san abin yi.

"Alhaji, gobe da safe za su duba," in ji Kawu.

"Allah na nan, Dogo. Lokaci ya yi, ku tashi mu sami sahu."

Malam ya rufe kwamfutar, ya miƙe, ya fita. Mabuɗin yana cikin kansa, ya fita da shi. Lauwali ya bi, Siddiƙ ya bi yana waiwaye. Kawu ya tsaya a gaban Ruwaida, dogon mutum ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ɗiyata, iyakata ke nan. Nuna gidan da rago ya shiga nika yi. Ban taɓa iya fiddo shi ba."

Shi ma ya tafi alwala.

*

Muka saura mu biyu, kamar kowace Juma'a. Ruwaida ta zauna a benci ta zuba hannuwa a cinya. Ban ɗauko littafina ba. A waje Malam yana ta buga babur ɗinsa, yana ƙin tashi.

Sai ga Shafi'u ya dawo da sauri.

"Hulata na mance," ya ce, ga hular a kansa.

Ya buɗe kwamfutar, ya buga mabuɗin ubansa, ya juyo da ita ta fuskanci yayata. Bai dube ta ba. Ya fita.

Ƙofar a buɗe take. Daga inda Malam yake zaune kan babur yana iya hango hasken allon, na kuma ga ya hango. Ya daɗe yana kallo, ƙafarsa ɗaya a ƙasa. Shafi'u ya hau bayansa.

Malam ya sake buga babur ɗin. Ya tashi. Suka tafi.

Ruwaida ta ja kujera. Ta ɗauko sabuwar kwantena da kanta, wannan karon ta gaya mata tana Tambuwal. Ta umurce ta ta bi tarihin nan tun daga farko, duk gyaran da ya faɗa cikin sallar Juma'a ta cire sunan da ke kansa.

"Na ranakun Idi fa?" na ce. "Da makon da sunka tafi ta'aziyya Kebbe? Kin yi aiki da yawa."

"Waɗannan ba ni da shaida. Su zauna inda suke."

Kwantenar ta tsaya cak, tana neman sunan da za ta sa. Yayata ta ɗora yatsu a kan madannai ta kasa bugawa. Daga masallaci muryar liman ta fara tasowa ta lasifika. Sai ta buga, harafi ɗaya-ɗaya, kamar ɗalibarta ta ranar farko.

Layuka suka fara gudu a allon. Ruwaida, Ruwaida, Ruwaida, tun daga wata Juma'ar shekara uku da ta wuce. Ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta, idonta bai bar allon ba.

Ban san abin da ake faɗa wa mutum a irin wannan lokaci ba. Na ɗauki takalmana a hannu don kada su yi ƙara, na bi ta ƙofar baya. Titin tasha ba kowa, duk ana masallaci. Har na sha kwanar gidanmu ba wanda ya san na fito.